Ranar Da Na Rubuta Sunan 'Yata Ta Fari

Ni tela ne. Shagona yana unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, a ƙarƙashin wani tsohon bene da muke zaune a samansa, kusa da wani Bamisire mai sayar da wake da burodi. Na bar ƙauyenmu na ƙasar Katsina ina saurayi, na zauna a Sudan na koyi ɗinki na yi aure, daga nan muka gangaro Alƙahira ni da matata. A nan Allah ya ba mu 'ya'ya uku, duka mata. Karatun allo na yi shi tun ina yaro, amma boko sai da furfura ta fito mini na fara, a wani aji da wani dattijon ɗalibi daga unguwar Darrasa yake yi mana ranar Juma'a bayan la'asar. Da hannun da ya koya mini nake wannan rubutu.

Babbar 'yata ban tashi ina kiran sunanta ba. A wurinmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka yanke hukunci a kan al'amarinsa. Da an yaye shi kaka ce ke ɗaukewa, ko goggo, kuma maganarsa tana hannun 'yan'uwan uba. Haka na ga an yi wa yayana a gidanmu, haka na yi. Idan zan kira ta sai in ce "ke". Idan zan yi zancenta da uwarta sai in ce "yarinyar nan". Uwarta ma haka take yi, har ta fi ni tsanani. Ƙannenta kuwa ina kiransu da sunansu, har da sunayen tsokana.

Uwarta tana aikin girki a wata makarantar Turanci, sai suka ba yarinyar gurbi tun tana ƙarama. Ta yi ƙoƙari ƙwarai. Duk ranar da ta kawo sakamako uwarta kan ajiye mini shi a kan keken ɗinki ba tare da ta ce komai ba, ni kuma in duba, ko da yake a lokacin ba na iya karantawa, in mayar.

A watan Oktoba na 2013, tana ajin ƙarshe, ta shigo shago da jakarta a kafaɗa. Ta gaishe ni, ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Ba ta saba zama ba.

"Baba, akwai maganar jami'a."

"Ki gaya wa uwarki."

"Na gaya mata. Ta ce in gaya maka."

Na ci gaba da taka keke, ita kuma ta yi mini bayani. Ta ce akwai wata jami'a a Amurka da malamarsu take ganin za ta iya samu, kuma idan suka ɗauki irinta su ke ɗaukar nauyin komai. Ta ce ƙofa biyu ce. Ta farko ana shiga da wuri, a farkon Nuwamba, amsa ta zo a Disamba. Amma jami'a ɗaya tak ake nema ta nan, kuma da alkawari: in sun ɗauke ka sai ka je, ka janye hannu daga ko'ina.

Na ce, "In sun ɗauke ki, daga baya kika ga wata ta fi miki fa?"

"Babu wata, Baba. Ni zan sa hannu, malama ta sa, kai ma ka sa."

"Wato a yanka yadi kafin a ga mai riga."

Ta yi dariya. "Haka ne. Amma masu bin ƙofar farko sun fi samun shiga."

"Ta biyun fa?"

"Ita sai a nemi wurare da yawa, a jira har bazara, a ga wanda ya amsa, a zaɓa. Kafin nan an buɗe neman wata jami'a a nan Alƙahira da ke ba 'yan Afirka gurbi. Malama ta ce ina iya samu. Ba tabbas."

Na san jami'ar da take nufi. Ƙaramar bas ɗin da ke zuwa can ta gaban shagona take wucewa kowace safiya.

Ta ce, "Kai me ka gani?"

Zuciyata ta riga ta ba da amsa tun kafin ta rufe baki. Amma na gyara zaren keke, na ce, "Maganarki ba a hannuna take ba. Kina da baffa."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Maƙwabcina mai wake ya ga fuskarta, ya leƙo ya tambaye ni da Larabci me na yi wa yarinya. Da na gaya masa, sai ya tafa hannu, ya kira ni usta, yadda suke kiran mai sana'a.

"Ya usta, 'yarka ta tambaye ka, kai kuma ka aika ta Najeriya neman amsa? Ni tawa in ta ce za ta Iskandariya wurin innarta, a bakin ƙofa nake kwanciya in ce sai dai ta tsallake ni."

Na ce masa kowa da al'adarsa.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji shi, "amma al'adarku tana da sanyi kamar waken jiya."

Kwanakin da suka biyo baya ni da uwarta muka yi ta juya maganar. Ita takan dawo aiki da yamma ta zauna tsince shinkafa, ni kuma in hau in sha shayi kafin magariba. A lokacin nan ne muke samun kanmu, yara suna wurin karatun Alƙur'ani.

Da farko ita ce mai cewa a yi. Shekarar ta yi mana nauyi. Mun ga watan da harbi ya hana mu leƙa taga, mun ga dokar hana fita, mun ga ranar da aka toshe hanya yarinyar ta dawo a ƙasa, ƙafafunta sun kumbura.

Ta ce, "Malam, kai ma ka tsaya da ita a layin takardar zama a Wustul Balad, can tsakiyar gari. A garin nan aka haife ta, amma duk shekara sai ta je ta roƙi izinin zama a cikinsa. In ta gama karatun nan wa zai ba ta aiki? Ka san abin da samari ke ce mata a cikin bas saboda launin fatarta? Ba ta gaya maka, ni take gaya wa."

Na ce, "Can ɗin wa ta sani? In ta yi zazzaɓi wa zai dama mata kunu? Ni ban ce kada ta je ba. Cewa na yi a jira a ga duka, sannan a zaɓa."

"Mai jiran ya ga duka, wani lokaci ko ɗaya ba ya gani."

Kashegari kuma sai ta juya. Ta ce ta tuna yarinyar ba ta iya barci sai ta ji motsin mutum a ɗaki. Ta ce wanda ya tafi irin wannan nisa da ƙuruciya ba ya dawowa, ko ya dawo ba shi ne ya dawo ba. Ta dube ni ta ce, "Kai nan shekara nawa rabonka da ƙauyenku?" Ni kuma a ranar sai na ji kaina ina kawo hujjojinta na jiya. Haka muka yi ta musayar wuri, kamar masu ɗaukar gado a matsattsen bene.

A ƙarshe ta ture faranti, ta goge ido da bakin mayafi.

"In ka ce ta jira, ba zan yi musu ba. Wallahi har sadaka zan yi. Amma ka faɗa da bakinka."

"Ni? A kan 'yar fari?"

"To ni ce zan faɗa?"

Sai na ce a bar wa Yaya, baffanta. Na kwantar mata da hankali, na ce Yaya mutum ne da ko rago zai sayar sai kasuwa ta ci ta sake ci yana shawara. Da ya ji kalmar gaggawa zai ce a dakata. Ta haka yarinyar za ta jira, mu kuma ba mu buɗe baki ba.

Na buga masa waya ranar Asabar da hantsi. Bayan gaisuwa da tambayar gona da iyali, na shigar da maganar yadda ake shigar da ita.

"Yaya, wata 'yar magana ce ta yarinyar nan taka. Ni dai ba ni da ta cewa."

Na gaya masa komai. Na ja muryata a kan nisan wurin. Na ce an ce sanyinsu yana kisa. Na maimaita cewa suna so a yi da gaggawa, kuma ba a fasawa. Da a zauren gidanmu ne, Yaya zai dubi fuskata ya gane. Ko bai gane ba zai tura matarsa ta ji ta bakin matata a bayan ɗaki, ya dawo ya yanke abin da muke so kamar daga kansa ya fito. Haka ake yi. Amma waya ba ta ɗaukar fuska.

"Amurka?" in ji shi. "Kuma kyauta? Tsuntsu daga sama gasasshe, kana tambaya ko a ci?"

"Yaya, da dai an ɗan..."

"Ka yi shiru, ɗan fari ba naka ba ne. Na yanke, a sa hannu. Allah ya yi maka albarka, zaman Masar bai ɓata ka ba, har yanzu kana da kunya."

Yana dariya ya faɗa, yana jin daɗina. Na ji yana kiran mutanen gida yana ba su labari tun kafin ya kashe wayar.

Na gaya wa uwarta. Ta tashi ta shiga wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Yarinyar ta kawo takardar shago ana saura 'yan kwanaki a rufe. Na kwashe almakashi da alli daga kan teburin yanka, ta shimfiɗa ta. Da Turanci take, ta karanta tana fassara mini. Akwai layin da uba zai rubuta sunan ɗansa, akwai na sa hannu a ƙasa.

"Kawo in rubuta sunan, kai sai ka sa hannu kawai."

Ban ba ta alƙalamin ba. A ajinmu na Juma'a, ranar da malam ya ce kowa ya koyi rubuta sunayen 'ya'yansa, da nata na fara. Na ce a raina rubutu ai ba kira ba ne. Na yi ta maimaita shi da alli a kan ragowar yadi har hannuna ya saba. Don haka na sunkuya na rubuta shi a hankali, harafi bayan harafi, ban tambaye ta ko ɗaya ba.

Ta daɗe tana kallon layin.

"Baba, ka iya rubuta sunana?"

"Malam ne ya sa mu."

Sai ta ɗora tafinta a kan wurin sa hannun, ta rufe shi.

"Baffa ya faɗi nasa. Rabonsa da ni tun ina goye, ko a hanya muka haɗu ba zai gane ni ba. Kai nake tambaya."

Ina kallon hannunta. Akwai tabon da guga ya yi mata a shagon nan tana ƙarama. Kalmar tana bakina, gajeriya ce, ko yaro ya iya faɗinta. Amma babba ya riga ya yanke, kuma ya yabe ni a kan kunya. Na ce, "Abin da babba ya gani ai shi ne."

Ta janye hannunta. Na sa hannu. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunana a takardar gaske maimakon dangwala yatsa.

Amsa ta zo a tsakiyar Disamba. Sun ɗauke ta. Ƙannenta suka cika bene da ihu, maƙwabcina ya rufe tukunyar wake ya sayo lemo ya raba wa duk layin, yana cewa 'yar usta za ta zama dakta. Mutane suka yi ta shigowa yi mini barka, ina amsawa da "Allah ya sa alheri". Uwarta ta yi guɗa sau ɗaya don kada a ce, ta koma ɗaki.

Bayan kwana biyu na ce wa uwarta ta bincika mini a hankali ko irin wannan alkawari ana iya warware shi. Ba ta yi a hankali ba. Yarinyar da kanta ta sauko shago, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Umma ta ce kana tambaya ko ana iya fasawa."

Na ce tambaya ce kawai.

"Kana so in zauna ne?"

Na yi shiru. A wannan karon ta iya karanta shirun.

Ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta ɗago sai ta ce, "Da ka ce in jira, wallahi da na jira. Har na tambayi direban bas ƙarfe nawa suke fara lodi zuwa jami'ar nan. Na ɗauka duk ɗaya ne a wurinka, ina nan ko ba na nan."

Na soma yi mata bayanin ɗan fari. Ta tare ni.

"Na sani, Baba. Umma ta sha gaya mini. Ta ce a gida kaka ce ke rungume ɗan fari, ita ke faɗa a kansa, ita ke cewa ba inda za shi. To ni ina tawa kakar? Kun taho da kunyar, kun baro kakar a can."

Ban taɓa jin an faɗe shi haka ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan allura.

Na ce, "Yanzu ba dama?"

"In na fasa, ba za su ƙara yarda da 'yan makarantarmu ba. Akwai na bayana da ke sa rai. Kuma kai ne kake hana kanka hutu duk azumi don kada ka saɓa wa mai ɗinkin Sallah. A wurinka na koya." Ta goge ido, ta yi ƙoƙarin murmushi. "Khalas, shi ke nan, Baba. An yanka yadin."

Watannin da suka rage na yi mata rigar sanyi. Na je Wustul Balad na zaɓo ulu mai kauri, ruwan toka, na yi masa shafi biyu. Ban auna ta ba. Ban taɓa sa mata tef a kafaɗa ba tun da aka haife ta, uwarta ce ke kawo mini tsohuwar riga in gwada. Wannan karon ko tsohuwar rigar ban nema ba, da ido na yanka. Ina ɗinkin ulu a cikin zafin Yuli, maƙwabcina yana leƙowa yana cewa rana ta taɓa kan usta.

Ta tafi a watan Agusta. A filin jirgi ta rungume ƙannenta, ta rungume uwarta, wadda ta manta da kunya a ranar ta riƙe ta har sai da aka ɓamɓare su. Da ta zo gabana sai ta durƙusa irin na gida, a tsakiyar mutane da akwatuna. Na ce Allah ya tsare, Allah ya ba da abin da aka je nema. Ta ɗan jira. Sannan ta miƙe, ta rataya rigar a hannu, ta shiga layi.

Hutun 2015 ba ta zo ba. Takardar zamanta ta Masar ta ƙare, shigowa ya zama sai an nemi biza kamar baƙuwa, kuma ta sami aikin hutu a ɗakin karatunsu. Takan kira ranar Juma'a, in mun dawo masallaci ita kuma gari ya waye mata. Yawanci da uwarta suke magana, ni in karɓa a ƙarshe in yi addu'a in mayar. Hausarta ta fara gauraya, takan tsaya neman kalma.

Wata Juma'a da sanyi ya sake shigo musu, ta ce a ba ni.

"Baba, rigar nan har yanzu daidai take a kafaɗa. Ƙawayena suna tambaya a wane kanti na saya. Yaya aka yi ka san awona?"

"Ai tela ne ni."

"Da wa kake magana yanzu?"

"Da ke."

"Ni wa?"

Da wasa ta faɗa, irin tsokanar da ƙannenta ke yi mini. Uwarta tana tsaye kusa, ta juya baya ta fuskanci taga. Sai na faɗi sunanta. Ya fito mini a baki da ƙyar, kamar sabon takalmi a ƙafa. Har na zaci layin ya yanke. Daga baya na ji numfashinta.

"Na ji, Baba," in ji ta. Ta ce lokacin aji ya yi, za ta kira wani makon.

Na sauka shago ban jira la'asar ba, ranar ban je ajinmu ba. Buhun ƙyallayen yana nan inda yake, ya cika amma ban sayar ba. Da safe kuma bas ɗin nan ta tsaya a gaban shagona kamar kullum, direban ya leƙo yana kiran masu zuwa jami'a, yalla, yalla, saura wuri ɗaya. 'Yan mata suka ruga da jakunkunansu. Na jira ta tashi, sannan na sa wa keke zare.